Ciwon Hanta a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura: A Asibiti Ake Ganinsa, Amma a Ina Ake Ɗaukarsa?

Da wuya ka sami mutumin Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura da ya tashi daga gidansa lafiya lau ya ce bari ya je a duba masa hanta. Yawanci labarin kan riske shi ne a kan hanyar wani abu daban. Wani ya je bayar da jini ga matar ƙanensa da ta zubar da jini wajen haihuwa, aka ɗebi kaɗan aka gwada, aka ce masa nasa bai yi ba. Wata ta je awon ciki aka rubuta mata gwaji. Wani kuma aure zai yi a Kano, inda tun watan Mayun 2024 doka ta wajabta gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau da na sikila kafin ɗaurin aure. Sai kuma waɗanda labarin ya riske su a makare, aka kawo su a kwance, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, ƙafa ta ɗau ruwa.

Da yake duk a ƙofar asibiti ake jin labarin, sai muka ɗauki abu biyu da ba haka suke ba. Muna zaton adadin da ke cikin rajistar ɗakin gwaji shi ne yawan cutar a gari. Muna kuma zaton ranar da aka ga cutar ba ta da nisa da ranar da aka ɗauke ta, shi ya sa da an ce wa magidanci yana da ita sai ya fara tunanin inda ya je da wanda ya taɓa a 'yan watannin nan. Gaskiyar maganar ita ce mafi yawan masu ɗauke da nau'in da ya fi damunmu sun ɗauke shi ne tun suna goye ko suna rarrafe, shekara ashirin ko talatin kafin su ga takardar gwaji. Duk wanda bai gane wannan ba zai yi ta neman ɓarawo a inda ba nan ya shigo ba.

Hanta ita ce ke tace jini, ta sarrafa abinci da magani, ta haɗa abin da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni. Abubuwa da yawa na iya kumbura ta, har da giya da wasu magunguna, amma abin da ake nufi a nan shi ne kumburin da ƙwayoyin cuta na bairos ke haddasawa. Iri biyar ne, an raɗa musu A da B da C da D da E. Nau'in A da E ta baki suke shiga, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Sukan kwantar da mutum da zazzaɓi da amai da shawara, yawanci kuma su tafi ba su zauna a jiki ba. Sai dai E ba abin wasa ba ne ga mai juna biyu: idan ya kama mace a watanni ukun ƙarshe, har ɗaya cikin huɗu ko biyar na iya rasa ranta. An ga haka a 2017, lokacin da ya ɓarke a Diffa ta Nijar da Ngala ta jihar Borno a tsakanin 'yan gudun hijira, kuma a Diffa mata masu ciki ne suka fi yawa cikin waɗanda suka rasu. Duk garin da ambaliyar damina ke haɗa masai da rijiya yana cikin wannan hatsari. Nau'in D kuwa ba ya iya rayuwa sai a jikin mai B.

Saura B da C, kuma su ne tushen maganar. Ta jini suke shiga, suna kuma iya zama a jiki shekara da shekaru ba zazzaɓi ba ciwon kai, suna yi wa hanta irin aikin da gara ke yi wa azara: daga waje ɗaki lafiya, sai ranar da rufin ya rufto. Ƙarshensu biyu ne, ko dai hanta ta ƙanƙance ta taurare ta kasa aiki, ko kuma ta kamu da kansa.

Ba a daɗe da sanin waɗannan ƙwayoyi ba. A tsakiyar shekarun 1960 ne wani likita ɗan Amurka, Baruch Blumberg, ya gano alamar nau'in B a jini, aka ba shi kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce aka mayar Ranar Ciwon Hanta ta Duniya. Nau'in C sai a 1989 aka gano shi. Kafin nan likitoci na ganin mutum ya kamu da ciwon hanta bayan ƙarin jini, su gwada ba A ba B, su rasa sunan da za su ba shi.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da B, miliyan 50 kuma da C, kuma su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a wannan shekara, wato kusan 3,500 kowace rana. Kashi 13 kacal cikin 100 na masu B ne aka gano suna da shi, waɗanda ke shan magani kuwa ba su wuce kashi 3 ba. A Nijeriya, babban binciken ƙasa na 2018 da aka fi sani da NAIIS, wanda aka bi gida-gida ana ɗibar jini, ya gano kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da B, kashi 1.1 kuma da C. Maza sun fi mata: kashi 10.3 a maza, 5.8 a mata. Idan aka ɗora wannan ma'auni na ƙasa a kan masallacin Juma'ar da ya tara magidanta da samari dubu ɗaya, to kimanin ɗari daga cikinsu na ɗauke da B, akasarinsu ba su sani ba. Wannan binciken dai shi ne ya nuna ƙanjamau na wajen kashi 1.4. Ke nan cutar da ta ninka ƙanjamau sau biyar ko fiye ita ce ba mu cika jin ta a rediyo ko a huɗuba ba, kuma wannan abin takaici ne.

Yanzu bari mu dawo kan lissafin asibiti, domin a nan ake yawan zamewa. Hanya mafi sauƙi ga ɗalibi ko malami mai bincike ita ce ya ɗauki rajistar ɗakin gwaji, ya ƙirga waɗanda aka gwada da waɗanda aka samu da cutar, ya fitar da kashi kaza cikin ɗari. Aikin yana da amfani, amma sai an tambaya: su wane ne aka gwada? Idan waɗanda likita ya riga ya yi zargi ne, masu rawayar ido da ciwon gefen ciki, dole adadin ya yi sama fiye da na gari. Idan masu bayar da jini ne, to galibinsu samari da magidanta ne, su kuwa maza dama sun fi ɗauke da cutar. Idan masu awon ciki ne, adadin zai sauko, kuma ma waɗanda suka zo awon kawai ya ƙirga, ban da matar ƙauyen da ba ta taɓa zuwa ba. Shi ya sa za ka ga bincike biyu daga gari ɗaya sun saɓa, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Akwai kuma maganar daga ina majinyatan suke. Kazaure na kan titin Kano zuwa Daura, kuma babban asibitinta ba na 'yan cikin gari kaɗai ba ne. Mutanen Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, waɗanda duk ƙasar masarautar Kazaure ce, nan suke nufa idan ciwo ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, haka ma na ƙauyukan Katsina da Kano da ke maƙwabtaka. Babura kuwa, wadda ke ƙarƙashin masarautar Ringim, tana maƙwabtaka da Ɓaure ta jihar Katsina, ba ta da nisa da iyakar Nijar. Mai ciwo ba ruwansa da iyakar jiha, inda ya ji ana samun sauƙi nan yake zuwa. Saboda haka adadin da ya fito daga asibitin wani gari bai isa a ce da shi mutanen garin sun fi wasu cutar ba. Na fi damuwa da wannan saboda yadda irin wannan lissafi kan koma gori a bakin mutane.

Shi kansa gwajin yana da iyaka. Abin da ake yawan yi a ƙananan asibitoci shi ne gwajin gaggawa na ɗan tsinke, a ɗiga jini a jira layi ya fito. Na B yana neman alamar da ake rubutawa HBsAg a takarda. Idan ta fito, ƙwayar na jiki, amma ba a cewa ta zauna sai an sake gwadawa bayan wata shida an same ta. Na C kuwa abin da yake nunawa shi ne jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, alhali kusan mutum uku cikin goma jikinsu kan kore ta da kansa. Sai an yi gwaji na biyu, mai neman ƙwayar kanta, kafin a ce mutum yana da C. Mutane da yawa sun shiga damuwa, wasu ma sun sayar da dabba sun sayi magani, a kan rabin amsa.

To a ina ake ɗaukar B? Amsar tana cikin shekarun mutum. Jaririn da ya kamu a lokacin haihuwa ko a shekararsa ta farko, tara cikin goma cutar za ta zauna masa har girma. Yaron da ya kamu tsakanin shekara ɗaya zuwa biyar, kusan ɗaya cikin uku. Baligi kuwa idan ya kamu, fiye da kashi 95 cikin 100 jikinsa zai yaƙe ta ya rabu da ita. Wannan ƙa'ida ita ce ke bayyana dalilin da ya sa a ƙasashe irin namu mafi yawan masu ɗauke da B tun yarinta suka samo shi: ko daga uwa a lokacin naƙuda, ko daga yaro zuwa yaro a tsakar gida, ta gyambo da ƙazuwa da raunin wasa da reza ɗaya da ake yanke wa kowa farce da ita. Ƙwayar B na iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana bakwai, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kamu sau 50 zuwa 100. Ɗigon da ido ba ya gani ya isa.

Mu dubi makon farko na jaririn da aka haifa a gida. Ungozoma ta yanke cibi, da wace reza? A wasu gidajen, kafin suna ko ranar sunan, wanzami zai zo ya zauna a zaure, ya buɗe zabira, ya feƙe aska, ya yi wa jariri askin suna. Idan iyaye sun buƙata ya cire masa beli, ya yi masa tsagar gado ko ta magani. Daga nan ya mayar da kayan zabira ya nufi wani gidan sunan, ko ya je ya yi wa wani dattijo ƙaho. Wanzami ba maƙiyin kowa ba ne. Mutum ne da aka amince wa, shi ya yi wa uban yaron kaciya, sau da yawa ma shi ne farkon wanda ake tuntuɓa idan wani abu ya samu jariri. Wanzamai da yawa sun karɓi sabuwar reza wajen aski, kuma sun cancanci yabo. Amma 'yar tsaga da ƙaho da ƙarfen cire beli ba a yar da su bayan aiki ɗaya, kuma goge su da tsumma ko ɗauraye su da ruwa ba ya kashe wannan ƙwaya. Ko dai a wanke su tas a tafasa su sosai, ko a bar aikin da ba dole ba. A ganina cire beli na cikin abin da ya kamata a bari gaba ɗaya, domin ban da ciwon hanta yana jawo zubar jini da sandarewar jarirai, kuma ba ya maganin abin da ake cire shi dominsa.

Haka abin yake a shagon aski na zamani, inda kilifa ɗaya ke bin kai ashirin a yinin jajiberin salla, a share ta da buroshi a ɗiga mata fetur a ci gaba. Haka mai yankan farce da ke yawo da almakashinsa a kasuwa da tasha. Haka makarantar allo da ta kwana, inda yara ke aske wa juna kai da reza guda. Ba laifin yaran ba ne, kuma kuɗin reza bai kai a ce ya gagari iyaye da masu taimako ba.

Saduwa ma hanya ce, kuma miji na iya sa wa matarsa ko ita ta sa masa. Amma a nan akwai zaluncin da ya kamata a faɗa a fili. Mace ta je awo, a same ta da B, ta dawo gida da takarda, sai a fara yi mata kallon wadda ta yi wani abin kunya. Mafi kusa da gaskiya shi ne tun tana jaririya ta ɗauka, wataƙila daga mahaifiyarta, wadda ita ma daga tata ta samu. Abin da ya dace shi ne a gwada mijin da kishiyoyi da yara, wanda ba shi da ita a yi masa allurar rigakafi sau uku cikin wata shida, aure ya ci gaba. Haka ma wajen neman aure: samun B ba dalilin fasa aure ba ne, dalili ne na a yi wa ɗayan rigakafi kafin tarewa. Kuma ba a ɗaukar B ko C ta cin abinci a kwano ɗaya, ko musabaha, ko zufa, ko tari, ko cizon sauro. Uwa mai B tana iya shayar da ɗanta. Ware wa mutum kwano da kofi ba ya kare kowa, zuciyarsa kawai yake karyawa.

Duk da haka asibiti da masu aikin lafiya ba za su wanke hannunsu ba, musamman game da C, wanda babbar hanyarsa ita ce allura da ƙarin jini da kayan aikin da ba a tsabtace ba. Masar ta ɗanɗana wannan. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 an yi ta yi wa miliyoyin mutanen karkara allurar maganin tsargiya da sirinjin gilas da ake sake amfani da shi ba tare da tafasa shi yadda ya kamata ba. Niyyar alheri ce, amma sakamakon shi ne Masar ta zama ƙasar da ta fi kowace yawan masu C a duniya idan aka auna da yawan jama'arta, har kusan baligi ɗaya cikin goma. Darasin ya shafe mu kai tsaye, domin mu mutane ne masu son allura. Mutum ya je kemis da zazzaɓi, idan aka ba shi ƙwaya sai ya ga ba a yi masa aiki ba, sai an yi masa allura ko an ɗaura masa ruwa. A ƙauyen da ba likita, mai kemis ko wani mai yawo da jaka shi ne komai. Wani yakan canza bakin allura ya bar sirinjin, yana ganin ya yi tsabta, alhali jini kan koma cikin sirinjin. Wani ya tsoma allurar da ya yi wa mutum a kwalbar maganin da zai ɗibar wa mutum goma. Haƙƙin majinyaci ne ya ga an yage ledar sabon sirinji a gabansa, kuma tambayar haka ba raini ba ne.

Ma'aikatan su ma suna cikin hatsari. Idan allurar da aka yi wa mai B ta soki nas ko mai shara da ba a yi wa rigakafi ba, yiwuwar kamuwa na iya kaiwa kashi 30 cikin 100, alhali ta C ba ta kai kashi 2 ba, ta ƙanjamau kuma kashi 0.3. Babura na da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma. Bai kamata ɗaliba ta fara shiga ɗakin haihuwa ba sai an kammala mata allurar B, kuma haka ya kamata a yi wa masu goge-goge da masu kwashe shara, waɗanda su ake mantawa da su. Sirinjin da aka zubar a juji kuwa, yara ne ke tsince shi su mayar abin wasa.

Sai ƙarin jini. Ƙa'idar ƙasa ita ce kada a ƙara wa kowa jini sai an gwada shi an tabbatar babu ƙanjamau da B da C da tunjere. Matsalar ita ce a yawancin asibitocinmu sai buƙata ta taso ake neman jini, a ce wa dangi su kawo mai bayarwa cikin dare, mace na zubar da jini. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin gaggawa kuma ba ya kama wanda ya kamu a 'yan makonnin nan, domin alamar ba ta fito ba tukuna. Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne masu karɓar jini a kai a kai, kamar yara masu sikila da masu wankin ƙoda. Maganin wannan shi ne asibiti ya kasance da jinin ajiya daga masu bayarwa don Allah, waɗanda aka san su ana kuma gwada su lokaci zuwa lokaci. Ƙungiyoyin agaji na masallatai da ɗaliban manyan makarantun Kazaure da Babura sun isa su riƙe wannan aiki idan an tsara shi.

Amma abin da ya fi ci mini rai a sha'anin jini shi ne mutumin nan da ake ce wa nasa bai yi ba. Ya miƙa hannu, an soke shi, ya zauna a benci yana jira. Ma'aikaci ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, naka bai yi ba, a nemo wani." Hankalin kowa na kan mara lafiya, shi ma nasa na can, sai ya tashi ya bazama neman wani. Ya ɗauka rukunin jininsu ne bai zo ɗaya ba. Ya koma gida wurin mata biyu da yara takwas, ba wanda ya gaya masa cewa abin da aka gani a jininsa ya shafi ransa da nasu. A daidai wannan taga an gano cutar kyauta, an kuma sake ta ta tafi. Minti biyar na bayani cikin sirri, da 'yar takarda mai nuna masa ɗakin da zai je gobe, sun isa su canza makomar gida guda. Duk asibitin da ke ɗibar jini ya kamata ya sa wannan cikin aikinsa, ba a matsayin alfarma ba.

Idan an tabbatar mutum na da B, ba shi ke nan ba ne, kuma ba kowa ne zai fara shan magani nan take ba. Likita zai duba lafiyar hantar ta gwajin jini da hoton ciki, idan da hali a auna yawan ƙwayar a jini. Wani za a ce ya riƙa dawowa ana duba shi duk wata shida ko shekara. Wani za a ɗora shi a kan tenofovir ko entecavir, ƙwaya ɗaya a rana. Maganin ba ya fitar da ƙwayar gaba ɗaya, amma yana danne ta, ya hana hanta taurarewa, ya rage hatsarin kansa. Yawanci shan sa na dogon lokaci ne, kuma yanke shi ba da sanin likita ba na iya tayar da ciwon da ƙarfi. Dole a yi gwajin ƙanjamau kafin a fara, domin tenofovir na cikin magungunanta. C kuwa yanzu ana warkewa daga gare shi sarai: sofosbuvir da daclatasvir na mako 12 na warkar da fiye da kashi 95 cikin 100. Da wannan magani Masar ta wanke kanta. Daga 2018 ta gwada mutum sama da miliyan 50, ta yi wa miliyoyi magani, har a watan Oktoban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar zama ƙasa ta farko da ta kai matakin zinare a hanyar kawar da C. Sai dai C ba shi da allurar rigakafi, wanda ya warke na iya sake kamuwa.

Wahalar ita ce kuɗi da nisa. Manyan gwaje-gwaje da ƙwararrun likitocin hanta a manyan asibitoci suke, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma manomi daga Gwiwa ko Roni sai ya lissafa kuɗin mota da na gwaji da ranar aikin da zai rasa. A wannan giɓi ne mai maganin da ke ɗaura lasifika a kan mota ranar kasuwa ke shiga, yana alkawarin wanke hanta cikin mako biyu. Mun gaji saiwoyi irin su rawaya da ake jiƙa wa mai shawara, amma shawara alama ce da abubuwa da yawa ke kawowa, har da zazzaɓin cizon sauro da sikila da toshewar matsarmama, kuma washewar ido ba ta nufin ƙwayar ta fita. Duk abin da aka sha hanta ce ke tace shi, hantar da ta riga ta jigata kuwa haɗe-haɗen da ba a san awonsu ba na iya ƙarasa ta. Haka ma shan farasitamol barkatai. Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayinmu na manoma: gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suka yi fumfuna na ɗauke da wata guba da ake kira aflatoksin, wadda idan ta haɗu da B take ninka hatsarin kansar hanta. Ruɓaɓɓiyar gyaɗar da aka tsince daga ta sayarwa bai kamata ta koma ƙuli-ƙulin gida ko miyar yara ba.

Duk waɗannan gyare-gyare ne ga wanda ya riga ya kamu. Abin da zai yanke cutar daga tushe yana hannunmu tun tuni, kuma kyauta ne. Gambiya ta fara yi wa jarirai allurar B a wani babban bincike tun 1986, kuma yaran da aka yi wa sun girma da ƙarancin cutar ƙwarai. Nijeriya ta sa ta cikin rigakafin yara a 2004, sannan a 2012 aka shigo da allurar nan mai haɗe da kariya biyar, wadda ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14. Amma kafin su akwai ta farko, wadda ya kamata a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. Ita ce ke tare ƙwayar da ya ɗauko daga uwa kafin ta kafu. Idan aka jira mako shida, to ga ɗan mai ɗauke da cutar sau da yawa bakin alƙalami ya bushe. Rahoton nan na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a yankin Afirka kashi 18 cikin 100 na jarirai ne kawai ke samun wannan allura a kan lokaci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wani binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a asibiti a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kusan kashi 16. Matar da ta haihu a ɗakinta da asuba ba za ta fita ba, jego ya fara, kuma ba a saba fitar da jariri kafin suna ba. Ko an kai shi, sai a tarar an ware rana ɗaya a mako don rigakafi, a ce a dawo ran nan. Wannan allura ba ta cikin waɗanda ya kamata su jira ranar rigakafi. A ajiye ta a ɗakin haihuwa, dare da rana, Asabar da Lahadi. Wanda aka haifa a gida kuma, ba sai mai jego ta fita ba: uba ko kaka ko gwaggo za su iya kai shi, ko a kira ma'aikaciya ta zo. Idan awa 24 ta wuce kada a fasa, a hanzarta. Sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni sun nuna abin da za su iya lokacin yaƙi da shan inna, har aka ayyana Nijeriya ta rabu da ita a watan Agustan 2020. Babu haihuwar da ake yi a unguwa ungozoma da liman da wanzami ba su ji ba. Idan kowannensu ya sa wa kansa tambaya ɗaya idan ya je barka, "An yi masa allurar hanta?", aikin zai yi nisa.

Kai mai karatu, idan akwai mai juna biyu a gidanka, ka sa a gwada ta a awo na gaba, domin idan ƙwayar ta yi mata yawa akwai maganin da za ta sha kafin haihuwa ya ƙara kare ɗan. Ka tambayi asibiti mafi kusa da ku tun yanzu ko suna da allurar jarirai a ajiye, da wanda za a kira idan haihuwar ta zo da dare. Kai ma ka miƙa hannu a gwada ka a ranar.